Gurbin launin fata a fom ɗin jami'a: a cike ko a tsallake?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Ummi tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Bronx, birnin New York na Amurka, daren jiya muka zauna cike mata fom ɗin Common App, wato fom ɗin neman shiga jami'o'i da yawa a lokaci ɗaya. Muka iso wani wuri mai tambaya biyu: na farko ko ita Hisfanik ce (wato mai asali daga Latin Amurka ko Sifaniya), na biyu kuma ta zaɓi launin fatarta. Babanta ya ce a bar wurin fayau, ita kuma ta ce malamarta mai ba su shawara ta ce a cike. Har sai da suka ɗan yi sa-in-sa, abin da ba su saba ba. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na ji an ce kotu ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. To in an hana, tambayar ta mece ce kuma? Wa yake karɓar amsar, kuma me yake yi da ita? Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni, ranar rufewa ta matso.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki ya yi gaskiya. A bar shi. Ba dole ba ne, su da kansu sun rubuta cewa ba dole ba ne. Duk abin da ba a tilasta maka faɗa wa hukuma ba a ƙasar nan, riƙe abinka.

Anti Mai Lissafi: Wa alaikumus salam Maman Ummi. Allah ya ba Ummi sa'a. Wannan shi ne aikin da nake ci da shi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina ofishin tattara alƙaluma na wata kwalejin shekara biyu, don haka bari in ɗan tsawaita.

Duk makarantar gaba da sakandare da ɗalibanta ke karɓar tallafi ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, dole ce ta aika wa Ma'aikatar Ilimi rahoto kowace shekara ta wani tsari da ake kira IPEDS. A cikin rahoton akwai yawan waɗanda suka shiga, waɗanda suka dawo shekara ta biyu, da waɗanda suka kammala, na shiga da na kammalawa an rarraba su bisa launin fata da jinsi. Rukunan ba makaranta ce ta ƙirƙiro su ba. Ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa ne ya tsara su a 1977, aka gyara a 1997 suka zama biyar: 'yan asalin ƙasar na farko da na Alaska, 'yan Asiya, baƙaƙe, 'yan asalin Hawaii da tsibiran Fasifik, sai farare. Tambayar Hisfanik kuma aka ware ta daban, shi ya sa kika ga tambaya biyu.

Abin da muke aikawa jimilla ce. Sunan Ummi ba ya ciki. Za a ce baƙaƙe mata kaza suka shiga, kaza suka fita da digiri. In ta bar gurbin, za ta faɗa wani layi da muke kira waɗanda ba a san launinsu ba, kuma a matakin jami'a ba ma kallon fuskar ɗalibi mu cike masa.

Hukuncin da kika ji kuwa gaskiya ne. Ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da aka kai Harvard da Jami'ar North Carolina, ta ce ba za a ƙara ba wa mutum fifiko wajen ɗauka saboda launinsa ba. Amma ɗauka kawai ta taɓa. Ba ta ce a daina ƙirga ba. Tun watan Agustan 2023 Common App ya ba makarantu damar ɓoye wannan amsar daga idon masu tantancewa, sai an gama ɗauka ta iso ofis irin namu. Ni dai in 'yata ce, cikewa za ta yi.

Maman Ummi: Na gode Anti, Allah ya saka. Ke nan ba zai ƙara mata maki ba, ba zai rage ba?

Anti Mai Lissafi: A doka dai haka ne, Hajiya. Inda za ta iya maganar asalinta ya yi tasiri shi ne rubutun bayanin kai. Alƙalin alƙalai John Roberts da kansa ya rubuta a hukuncin cewa ɗalibi yana iya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, muddin abin da za a auna shi ne halinsa da ƙwazonsa shi kansa.

Baban Khalifa: Anti, ina girmama iliminki, amma kin ce "a doka". Nan ne matsalar take. Ni na zo ƙasar nan tun kafin harin 11 ga Satumba na 2001. A 2002 aka fito da rajista ta musamman ga maza 'yan ƙasashe 25, kusan duk ƙasashen Musulmi. Abokan aikina 'yan Sudan sun je sun yi layi da ƙafarsu, don an ce musu rajista ce kawai. Sama da mutum 80,000 suka yi, aka buɗe wa kimanin 13,000 shari'ar kora. Wasu da na sani ban ƙara ganinsu ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma, bayanan hukumar ƙidaya aka yi amfani da su wajen tattara 'yan asalin Japan zuwa sansanoni, alhali ita ma an yi alkawarin sirri. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Yau an ce don taimako ne. Gobe gwamnati ta canja, takardar tana nan.

Ɗan Damagaram: Ina bayanka Alhaji. Ni a Liyon nake karatu, kuma a nan Faransa babu jami'ar da za ta tambaye ka launin fatarka a fom. Dokar 1978 ta kare bayanan mutum ta hana tattara irin wannan sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Su a ganinsu ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne, ba a raba shi gida-gida. Kuma sun ɗauki darasi daga jerin sunayen Yahudawa da aka tara a zamanin mamayar Jamus. Ni na fi samun natsuwa da haka.

Yaya Ta Ingila: Ɗan Damagaram, ƙanena, in tambaye ka. A jami'arku, baƙaƙe nawa ne suke shiga shekarar farko, nawa suke kai wa ga digiri?

Ɗan Damagaram: Babu mai wannan lissafin, Yaya. Abin da na faɗa ke nan.

Yaya Ta Ingila: To ka gani. In kana ganin 'yan'uwanka suna zubewa a hanya, da me za ka je gaban shugaban jami'a? Zai ce maka ji kake yi a ranka. A nan Ingila ana tambaya, kuma tun ƙidayar 1991 ake raba baƙaƙen Afirka da baƙaƙen Karebiyan. Da wannan lissafin ne aka gano cewa ɗalibai baƙaƙe, ko da sun shigo da sakamako irin na farare, ba sa fita da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama daidai da su. Shekaru ana musu, har alƙaluma suka rufe bakin kowa, yanzu jami'o'i suna rubuta wa hukuma shirin rage wannan giɓin. Ban ce an warware ba. Amma an daina cewa babu shi.

Anti Mai Lissafi: Alhaji Baban Khalifa, ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. Duk abin da ka lissafa ya faru. Abu biyu kawai zan ƙara. Rajistar 2002 da ƙasar haihuwa da biza ta yi aiki, kuma waɗannan suna hannun hukumar shige da fice ko ka cike gurbin launi ko ba ka cike ba. Wanda ke neman Ummi da sharri, Allah ya kiyaye, sunanta da adireshinta sun ishe shi. Na biyu, akwai dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, wadda ta hana makaranta sakin bayanan ɗalibi da sunansa ba da izini ba sai a wasu yanayi da doka ta lissafa. A ofishinmu ma, in rukuni bai kai mutum goma ba, rufe adadin muke yi a rahoton da jama'a za su gani, don kada a gane mutum.

Yanzu ga abin da ake asara in kowa ya tsallake. Alƙaluman Ma'aikatar Ilimi kan waɗanda suka fara digirin shekara huɗu a 2010 sun nuna cewa bayan shekara shida, kashi 74 cikin ɗari na 'yan Asiya sun kammala, farare 64, Hisfanik 54, baƙaƙe 40. Ku dubi wannan 40 ɗin. A cikin yaranmu goma da suka shiga, shida ba su fito da takarda daga makarantar da suka fara ba a cikin wannan wa'adin, da yawansu kuma da bashi a wuya. In da jimilla ɗaya ake bayarwa, za a ce kashi 60 sun kammala, kowa ya tafi gida hankali kwance.

Malam Mai Tasi: Anti, lissafi dai an yi. To sai me? Mu a gida ma an iya kafa kwamiti a rubuta rahoto. Wa ya taɓa ƙoshi da rahoto?

Anti Mai Lissafi: Tambayarka ita ce tambayar, Malam. Akwai makarantun da suke cike rahoton don kawai kada a ci su tara, daga nan sai ya kwanta a kwamfuta. Amma akwai waɗanda suka buɗe shi suka karanta. Wadda aka fi misali da ita ita ce Jami'ar Georgia State da ke Atlanta. A 2003 kashi 32 cikin ɗari kacal na ɗalibanta ke kammalawa, baƙaƙe da Hisfanik kuma ƙasa da haka. Suka zauna suka bi sawun inda yara ke zubewa. Suka gano cewa ɗaruruwa ana cire sunansu kowane zango saboda ragowar kuɗin makaranta da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci 'yan ɗaruruwan daloli, kuma da yawa suna dab da gamawa. A 2011 suka fara biyan wannan ragowar da kansu. A 2012 suka kafa tsarin da ke duba bayanan kowane ɗalibi kullum, da alamomin haɗari kusan 800: ka yi rajistar darasin da ba na fanninka ba, ko ka sami maki mai rauni a darasin da shi ne ginshiƙin fannin, sai mai ba da shawara ya kira ka cikin kwana biyu. Suka ɗauki ƙarin masu ba da shawara da yawa, don na'ura ba ta zama da yaro ta saurare shi. Cikin shekara goma sha biyar adadin masu kammalawa ya haura kashi 50, baƙaƙe da Hisfanik suka kamo sauran.

Abin lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan taimakon da aka ce na baƙaƙe ne kaɗai. Kowa na samu. Amma da rarraba alƙaluman ne suka ga ciwon, kuma da shi suka tabbatar maganin ya kai ga waɗanda suka fi jin jiki.

Ku da ke New York ma kuna da naku a CUNY, jami'ar birnin New York, shirin ASAP da aka fara a 2007: katin jirgin ƙasa, kuɗin littattafai, mai ba da shawara da ya san sunanka, da sharaɗin yin cikakken karatu. Da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a, kashi 40 na waɗanda ke ciki sun kammala cikin shekara uku, na waje kuma 22.

Malam Mai Tasi: Wannan na ASAP na san shi, ɗan maƙwabcina yana ciki. To na ji wannan.

Ɗalibi Bakano: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni nawa ƙorafin daban ne. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu da bizar ɗalibi. Na cike baƙi a fom, da zuciya ɗaya. Daga baya na ga teburin alƙaluman jami'armu, na ga akwai layin baƙaƙe, akwai kuma wani layi na waɗanda ba mazauna ƙasa ba. Na je na tambaya, aka ce ni ina layi na biyun, tare da ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Jamus. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. A titi baƙi nake, a wurin neman hayar ɗaki baƙi nake, a ɗakin gwaje-gwaje ni kaɗai ne baƙi. Amma a takarda ba ni da launi. Da aka aika wa ɗalibai baƙaƙe gayyatar wani taron haɗa su da tsofaffin ɗalibai, ni ban samu ba, sai a bakin wani na ji.

Anti Mai Lissafi: Haka tsarin yake, ƙanena, kuma yana cikin abubuwan da ni ma ba na so. Duk mai bizar wucin gadi layi ɗaya ake zuba shi, komai launinsa. Mai katin zama na dindindin da ɗan gudun hijira su ana lissafa su cikin rukunan launi. Akwai wata ƙa'idar kuma: in mutum ya ce shi Hisfanik ne, a nan za a ƙirga shi ko da ya zaɓi baƙi a tambaya ta biyu. Maƙwabtan Maman Ummi 'yan Jamhuriyar Dominika, da yawansu fatarsu kamar tamu, ba sa fitowa a layin baƙaƙe. In ya zaɓi launi biyu kuma, ya tafi layin masu launi biyu ko fiye. Ɗan Masar ko ɗan Maroko kuwa, a tsarin 1997, farare ake ƙirga su.

Sai dai ka sani, wannan ƙa'idar rahoton gwamnati ce. Amsarka ta asali tana nan a rumbun jami'arku. Wanda ya tsara jerin gayyatar ne ya ɗauko daga layin da ya fi sauƙi. Ka rubuta wa ofishin da ya shirya taron, ka ce a riƙa ɗaukowa daga amsar da ɗalibi ya bayar da kansa. Aikin minti goma ne ga wanda ya san rumbun.

Hajiya Ta Greensboro: Ni fa gaskiya abin da ya hana ni cikewa lokacin ɗana shi ne rubutun da ke jikin gurbin. An haɗa mu da baƙaƙen Amurka. Mu da su ba ɗaya ba ne. Mu mun san garinmu, mun san kakanninmu, tarbiyyarmu daban. Me zai sa a zuba mu kwando ɗaya?

Dattijo: Hajiya, ki yi haƙuri, a nan zan tsaya miki, kuma da ƙauna nake faɗa. Shekarata arba'in da ɗoriya a ƙasar nan. Ƙofar da ni da ke muka shigo ta cikinta, waɗannan mutanen ne suka buɗe ta da jininsu. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana duk makarantar da ke cin kuɗin tarayya nuna wariya, su aka daka a titi kafin a sa mata hannu. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta rushe tsarin da ya fifita Turawa, a kan guguwar gwagwarmayarsu ta zo. Tun kafin nan ma, lokacin da manyan jami'o'i da yawa ba sa maraba da baƙar fata, makarantunsu ne suka karɓi 'yan Afirka. Azikiwe da Nkrumah duk a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu. Rashin sanin garin kakanni da kike faɗa, ba su suka zaɓa ba. Kama su aka yi aka sayar, wasunsu daga ƙasashenmu, wasunsu Musulmi masu karatu. Ƙirgar nan da muke muhawara a kai, asalinta don a kama makarantun da ke rufe musu ƙofa aka fara ta.

Amma akwai gaskiya ɗaya a maganarki, sai dai ta juya ta wata fuskar da ba ki nufa ba. Haɗa mu kwando ɗaya su ya fi cuta. A 2004 malaman Harvard biyu, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suka fito suka ce mafi yawan ɗalibai baƙaƙe na jami'ar, wataƙila har kashi biyu cikin uku, waɗanda suka ƙauro ne daga Afirka da Karebiyan, ko 'ya'yansu, ko 'ya'yan auren launi biyu. A 2007 binciken Douglas Massey da abokan aikinsa ya nuna cewa waɗanda suka ƙauro da 'ya'yansu su ne kashi 13 na matasa baƙaƙe masu shekara 18 zuwa 19, amma su ne kashi 27 na baƙaƙen da ke manyan jami'o'in da aka duba, a rukunin Ivy League, wato manyan jami'o'i takwas irin su Harvard, kuma kashi 41. Jami'a za ta buga ƙirji ta ce ga baƙaƙenmu, alhali jikokin bayin da aka yi abin dominsu suna waje. Ni wannan yana damuna a matsayina na Musulmi. Haƙƙi ne.

Hajiya Ta Greensboro: Baba, na karɓi gyara. Ban yi nufin raini ba, amma na ga yadda maganar ta fita. Allah ya yafe mana.

Dattijo: Amin, 'yata. Dukkanmu mun taɓa faɗin irinta kafin mu zauna da su.

Malam Mai Tasi: Baba Dattijo, amma kada a ɗauka duk ɗan Afirka ɗan likita ne ko ɗan injiniya. Waɗancan na Harvard 'ya'yan masu digiri ne. Mu nan Bronx, uba yana tuƙi dare, uwa tana kitso ko aikin kula da tsofaffi, a gida Hausa ake yi ko Zabarmanci ko Fulatanci, babu wanda ya taɓa shiga jami'a. In aka raba aka ce 'yan Afirka sun yi gaba, mu an sake binne mu ke nan a ƙarƙashin nasarar wasu.

Anti Mai Lissafi: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shi ya sa a ofishinmu ba ma tsayawa kan launi shi kaɗai. Muna haɗa shi da wasu abubuwa: ko ɗalibi yana karɓar tallafin Pell na masu ƙaramin ƙarfi, ko shi ne na farko a gidansu da ya shiga kwaleji, shekarunsa, ko cikakken karatu yake yi ko rabi. Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara muka lura maza baƙaƙe suna yawan faɗuwa a darasin lissafi na shekarar farko, kuma wanda ya faɗi ba kasafai yake dawowa ba. Malamai suka ce rashin shiri ne daga sakandare. Da muka ƙara tonawa, sai muka ga faɗuwar ta taru a azuzuwan sassafe. Muka kira yaran muka zauna da su. Da yawansu daga aikin dare suke wucewa aji kai tsaye, wasu daga sito, wasu daga gadi, wasu daga tuƙi. Sun makara wajen rajista saboda takardun tallafi sun jinkirta, azuzuwan yamma sun cika, sai na asuba ya rage musu. Aka ƙara azuzuwan yamma, aka riƙe wasu kujeru don masu makarar rajista. Ba a rubuta launin kowa a jikin kujerar ba. Amma in da yaran nan sun tsallake gurbin, da ban san ta inda zan fara tonon ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma a ofis sai an nuna mana.

Game da rarrabawa, akwai motsi. A Maris 2024 gwamnatin tarayya ta sake gyara rukunan. An haɗe tambayoyin biyu suka zama ɗaya, an ƙara rukunin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, kuma a ƙarƙashin baƙaƙe an sa ƙananan gurabe: baƙaƙen Amurka, Jamaika, Haiti, Nijeriya, Habasha, Somaliya, da wurin rubuta wani. An ba hukumomi har 2029 su koma kansa, don haka yawancin makarantu suna kan tsohon tsari. 'Yan Asiya sun riga mu wannan faɗan. Ɗalibai 'yan ƙabilar Hmong ta kudu maso gabashin Asiya da 'yan Kambodiya sun daɗe suna cewa nasarar wasu 'yan Asiya ta rufe wahalarsu, har Jami'ar California ta ƙara guraben asali a fom ɗinta bayan matsin ɗalibai a 2007.

Ɗalibi Bakano: Anti, to ɗan Nijar ko ɗan Ghana fa? Kuma ko Nijeriyar ma, ai mun san bambancin da ke tsakanin jiha da jiha a harkar boko. Shi ya sa JAMB ke ware kashi 20 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya.

Anti Mai Lissafi: Sai ya rubuta da hannu a wurin da aka bari. Babu fom ɗin da zai ɗauke mu duka, ƙanena. Kuma in an yayyanka da yawa, rukunin zai ƙanƙance har ya faɗa ƙasa da goman nan da muke rufewa. Kullum a tsakanin waɗannan biyun muke.

Baban Khalifa: Na karanta duka. Anti, na yarda a hannunki alheri ne. Amma ki faɗa wa mutane abin da ke faruwa yanzu. A Agustan 2025 shugaban ƙasa ya ba da umarnin jami'o'i su miƙa ƙarin bayanan ɗauka, launin fata haɗe da makin jarrabawa, don a binciki ko suna fifita baƙaƙe a ɓoye. A Satumba kuma Ma'aikatar Ilimi ta ce ta tsayar da kimanin dala miliyan 350 na tallafin makarantun da ake ba su saboda yawan tsiraru a cikinsu. Alƙaluman da kike cewa na taimako ne, ga shi an mai da su sanda.

Anti Mai Lissafi: Haka ne Alhaji, ba zan ɓoye ba, kuma mu da ke cikin aikin mun fi kowa jin zafinsa. Tallafin da ka ambata, sharaɗinsa adadi ne: makaranta ta kai kashi 25 na Hisfanik, ko kashi 40 na baƙaƙe a wani shirin. Da irin wannan kuɗin makarantu da yawa suke biyan masu koyar da ƙarin darasi da masu ba da shawara, kuma kowane ɗalibi yana amfana.

Amma ka duba ɗaya gefen. Bayan hukuncin 2023, babbar jami'ar fasaha ta MIT ta sanar cewa baƙaƙe a sabon ajinta sun sauko zuwa kashi 5 daga kimanin 13 na shekarun baya. A Kwalejin Amherst daga 11 zuwa 3. Ta yaya muka sani? Don yara sun cike gurbin. Kuma a makarantu da dama layin waɗanda ba a san launinsu ba ya ƙaru bayan hukuncin, abin da ke sa lissafin ya yi duhu. In ya yi duhu sosai, ranar da za a rufe wa yaranmu ƙofa gaba ɗaya babu mai iya nunawa. Sandar da kake gani, ita ce kuma kaɗai shaidar da ke hannunmu.

Baban Khalifa: Ban sauka daga ra'ayina ba gaba ɗaya. Nawa yaran, sai sun shiga makarantar sun ga irin mutanen da ke ciki, sannan su cike in sun natsu.

Anti Mai Lissafi: Wannan ma hanya ce, Alhaji, kuma tana aiki. A yawancin makarantu ɗalibi yana iya shiga shafinsa ya gyara amsar bayan ya yi rajista. A wajen aikina, wannan ta bayan shiga ita ce ta fi amfani. Roƙona kawai kada a manta, don yawanci wanda ya tsallake a farko ba ya komawa.

Yaya Ta Ingila: Maman Ummi kin yi shiru. Kada mu cika ki da surutu mu bar ki da fom a buɗe.

Maman Ummi: Ina nan Yaya, ina karanta wa Baban Ummi ne tun bayan isha'i. Ya ce a gaishe da Alhaji Baban Khalifa, ya faɗi abin da ke ransa. Maganar azuzuwan asuba ce ta sa ya yi shiru, don shi ma aikin dare yake, kuma ƙanensa haka ya bar kwaleji bayan zango biyu, ba wanda ya kira shi ya tambayi dalili. Ya ce Ummi ta yanke da kanta tunda sunanta ne a fom ɗin. Ta zaɓi baƙi, sai wani ƙaramin zaɓi ya fito a ƙasa, ta danna Afirka. Yanzu ta koma kan rubutun bayanin kai, tana so ta rubuta yadda take yi wa matan unguwa tafinta a asibiti tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya.

Anti, tambaya ɗaya ta rage. In mun je ziyarar makarantun nan, me zan tambaye su don in gane masu karanta rahoton da masu ajiye shi?

Anti Mai Lissafi: Kafin ku je, ki sa Ummi ta buɗe shafin College Navigator na Ma'aikatar Ilimi, kyauta ne, ta rubuta sunan makarantar, ta duba kashi nawa na baƙaƙe ke kammalawa, ta kwatanta da na sauran. In kun isa, ki tambayi ɗalibai nawa ke hannun mai ba da shawara guda ɗaya. Ki tambayi abin da suke yi in ragowar kuɗi kaɗan ta hana yaro rajista. Sannan ki faɗa musu adadin da kuka gani a shafin, ki ce me suke yi a kai. Wanda ya san adadin tun kafin ki gama faɗa, ki rubuta sunan makarantarsa a sama. Ki turo mini jerin makarantun ta akwatin sirri, zan duba muku su a ƙarshen mako in sha Allah.